Murhun da Sani Ya Kawo

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma a duk abin da na rubuta muku shi na fi jin tsoro. Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ku 'ya'yana da jikokina kun taso kuna jin ana cewa Sani ne ya kusa kashe Addarku, 'yata ta fari, da murhun zamani, har maganar ta zama abin tsokana a gidan nan. Ko fitila sabuwa ya kawo sai wani ya ce a bari a gwada ta a waje tukuna. Yakan yi dariya, amma ni da na haife shi na san dariyar nan iyakarta leɓe. To, daga yau ku ajiye wannan magana. Sani ba shi da laifi ko na ƙwayar gero. Zan faɗi yadda aka yi, mai jin haushina ya ji, na gaji da kwana da abin nan a ƙirji.

Shekarar da ruwa ya ci unguwarmu ne. Kogi ya cika ya tumbatsa, ya shigo ta bayan gari, ɗakunanmu na ƙasa guda biyu suka zauna daɓas. Da ruwa ya janye Baffanku, maigidana, ya sake ta da ɗaya da bulo da siminti, aka rufa kwano, aka sa ƙofar ƙarfe irin wadda in ka ja ta ko sauro sai ya nemi izini. Taga ɗaya ce tak, 'yar ƙarama, can sama ta baya, da sandunan ƙarfe uku, ba a kai ga yi mata murfi ba. A wannan ɗaki aka sauki Addarku da ta zo goyon ciki daga Guri, cikinta na fari. Ku na yanzu da kuke rungumar 'ya'yanku na fari a gaban kowa kuna rangaɗa musu suna, ba lallai ku gane abin da zan faɗa ba. Mu asalinmu na ruga ne, kakana ya sayar da shanu ya zauna gari amma kunyar ta biyo mu. 'Yar fari ba a kiran sunanta, ba a ɗaukar ta a gaban mutane, ba a nuna an damu da ita. Tun ranar yaye Goggo Dije, yayar Baffanku, ta ɗauke ta, ita ta raine ta a sashenta cikin gidan nan. Ni in zan yi mata magana sai in ce "ke" ko "yarinyar nan", ina kallon bango. Mata na yabona, wai wance akwai kunya. Ba su san in ta yi tuntuɓe a tsakar gida ni nake jin zafin ba, sai dai in sunkuyar da kai in ci gaba da tankaɗe.

A al'ada mijin mai jego shi ke kawo itacen wanka, a jibge shi a ƙofar gida kowa ya gani, don kwana arba'in za a yi ana tafasa ruwa safe da yamma ana ɗumama ɗaki. Mijinta mutumin kirki ne, ya tara nasa tun da wuri, ruwa ya tafi da shi, hanyar Guri kuma ta yanke. A gari itace ya yi wuya. Abin da masu kura ke kawowa ɗanye ne sharaf, ka busa ka busa, ba wuta sai hayaki. Ni kuwa a lokacin tari ya kama ni, idona kullum ja yana ruwa, ladan shekara talatin ina durƙushe gaban murhu. Sai ga Sani, mai bi wa Addarku, wanda ke aiki a injin casar shinkafa a bakin gari inda ƙaiƙayi ke tsibi-tsibi ba mai so. Shi da abokansa sun samo wani inji da ke matse ƙaiƙayi da busasshiyar kacalla, wannan ciyawar da ta toshe mana kogi, ya fito da su 'yan ƙanana sak kashin awaki. Ya sauke buhu ɗaya a tsakar gida, da murhun ƙarfe mai tsayin turmi, da hannuwa biyu, da 'yar fanka mai batir a gindinsa. Ya zuba, ya kunna, wuta ta tashi shuɗiya tana huci, ko ɗigon hayaki babu.

"Inna, kin huta da busa wuta," in ji shi, baki har kunne.

Na ce, "Da kashin awaki za ka dafa wa 'yar mutane ruwan jego? Allah ya shirye ka."

Baffanku ya zagaya murhun yana kallo, hannu a baya. Ya ce, "Ni wutar da ba ta hayaki ban yarda da ita ba."

Ku rubuta wannan ma a kaina: ni na lallashe shi. Na ce Malam ka dubi idona, ka ji tarin nan, ka kuma dubi ƙofar gida babu ko ƙirare. Ya ce mu je mu gani. Kafin Sani ya fita ya tara mu, fuskarsa ba wasa.

"Ku ji da kyau. In an gama dafa ruwa aka shigar da shi ɗaki don ɗumi, kada a rufe taga. Ko sanyi ya kai ina, a bar ta a buɗe. Akwai iskar da yake fitarwa, ba a ganin ta, ba ta da wari. Barci take sa mutum, daga nan ya zarce. Adda, kin ji? Goggo, kin ji?"

Duk suka ce sun ji. Ni ina gefe ina tsince shinkafa, kuma na ji sarai, ba zan yi wa Allah ƙarya ba. Amma a raina cewa na yi, yaron nan da iyayi yake. Tun ina yarinya abin da na sani shi ne hayaki ke shaƙe mutum. Don hayaki muke ɗage asabari, don hayaki muke barin taga, in ya yi yawa ido ya gaya maka ka fito. To wutar da ba ta da hayaki, me za a buɗe wa taga? Haka na yanke a raina, ban tambayi kowa ba.

Ta sauka lafiya, namiji, kai ne Auwalu. Aka yi suna. Murhu na aiki, ruwa na tafasa kafin ka gama yanko ganyen darbejiya, matan unguwa na shigowa kallo, har wasu suka sa Sani ya kawo musu nasu. Kwana goma sha biyu da haihuwa ɗari ya sauko, irin wanda ke biyowa ta kan ruwan fadama ya shiga ƙashi. Mu kuwa babu abin da muke tsoro ga mai jego kamar sanyi. Ƙanwata da muke ciki ɗaya haka ta tafi, kwana ashirin da haihuwa, ƙafafu a kumbure, aka ce sanyi ne ya shige ta. Da idona na gani. Saboda haka tunda ɗarin nan ya sauko hankalina bai kwanta ba, ina aiki ina kasa kunne wajen ɗakin. Ran nan da safe Goggo ta yi mata wanka, ta shigar mata da murhu, ta naɗe jariri a zane uku ta tafi da shi asibiti allurar rigakafi. Baffanku yana fadama wajen ban ruwan alkama, Sani yana wurin aiki. Gida ya rage daga ni sai ita. Na zagaya bayan ɗakin zan shanya wanki, sai na ji iska na shiga ta tagar nan tana fito, na kuma ji yarinyar nan a ciki tana jan numfashi ta haƙori irin na mai rawar ɗari. Ƙanwata kawai nake gani.

Wata uwar da sai ta ɗauki bargo ta shiga ta lulluɓe 'yarta. Ni na kasa. Wallahi babu kowa a gidan, amma ƙafata ta ƙi zuwa ƙofar nan, shekara ashirin da biyu na hana ta, ta saba. Sai na mirgino turmi na kifa shi a gindin bango. Na shiga ɗakina na ɗauko zanena shuɗi mai rinin turmi, wanda nake ɗaurawa ran Juma'a, don shi ya fi kauri. Na hau, na cusa shi tsakanin sandunan nan, na bi kowace kafa da yatsa na danne har iska ta daina fito. Na sauka na mai da turmi wurinsa. Kuma daɗi na ji, ku ji ni da kyau, daɗi na ji, na yi wa 'yata abu ba wanda ya gani.

Na dama kunun kanwa na kai bakin ƙofa na ajiye, na yi gyaran murya yadda na saba, na koma na zauna. Kullum ina juya baya nake jin ƙarar ƙofa, hannu ya fito ya ɗauka. Ran nan shiru. Na ce barci ne, ɗaki ya yi ɗumi, madalla. Hantsi ya ɗaga, kwanon yana nan. Kaji suka zo suka ture faifan da ke rufe da shi suna tsattsaga, ba wanda ya kore su. Na tashi na kore su, na tsaya na ce, "Ke." Shiru. Na ce, "Ke yarinyar nan, kunu zai huce." Ba abin da nake ji sai hucin 'yar fankar nan. A nan ne maganar Sani ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya, barci take sa mutum, daga nan ya zarce. Kuma duk da haka, Allah ya yafe mini, sai da na waiga na ga ko akwai mai kallona kafin na tura ƙofar.

Zafi ya buge ni a fuska, kaina ya sara nan take. Tana kwance rabi a katifa rabi a ƙasa, hannu ɗaya a miƙe wajen ƙofa, amai a gefen bakinta, leɓenta jawur kamar ta ci goro. Na girgiza ta, kanta ya langaɓe. Ban san lokacin da ya fito daga bakina ba.

"Salamatu! Salamatu! Ki tashi, ni ce!"

Wannan ne karo na farko da na kira sunan nan tun ranar da aka raɗa mata shi. Na kama ta ta hammata na ja ta waje, ban san inda na samu ƙarfin ba, na shimfiɗe ta a tsakar gida ina kururuwa ina salati. Maƙwabta suka cika gidan. Wannan na yayyafa ruwa, waccan na fifita da faifai, wata na cewa iska ce a kawo turare, wani ya ruga neman adaidaita. To ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ana cikin wannan rububi, 'yata a kwance ban san ko da rai ko babu ba, na sulale na zagaya baya. Ban ma nemi turmi ba, tsalle na yi na kama bakin zanen na fizgo. Na ɗaura shi a ƙugu ta ƙarƙashin zanen jikina, na dawo na ci gaba da kuka.

A cikin adaidaita kanta a kan cinyata yake, rabon da in riƙe ta haka tun tana shan nono. Ina taɓa wuyanta ina neman inda ke bugawa, in samu, in rasa, in sake samu. A asibiti suka sa mata abin numfashi a hanci suka ce mu fita. Na zauna a dandamali ina jan carbi ba tare da na san me nake faɗa ba, zanen nan a ƙuguna yana ƙona ni. Duk ma'aikaciyar da ta fito sai in kalli fuskarta in ga ko ita ce za ta ce mu yi haƙuri. Sai bayan la'asar ta buɗe ido. Likita ya ce iskar wuta ce ta taru a ɗaki, da an ƙara jinkiri kaɗan da sai dai wani labarin. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma ciwon kan da kuka san ta da shi, da mantuwar da kuke yi mata dariya a kai, daga ranar nan ta samo su.

Kafin magariba muka koma gida ni da Baffanku, muka bar Goggo a wurinta. Sani na tsaye a ƙofar ɗakin, ya shiga ya fita ya fi a ƙirga, ya duba murhu, ya ɗaga kai ya dubi taga. Tana nan a buɗe, iska na fito ta cikinta. Ya juyo wurina, idonsa ya kaɗa.

"Inna, ke ce a gida. Don Allah, an rufe tagar nan?"

Baffanku na kallona. Kun san zuciyarsa, Allah ya jiƙansa, in ta tashi ba ta ganin gabanta. Na ji tsoronsa, na ji tsoron ya ce in tafi gidanmu da furfurata. Na kuma ji tsoron bakin mata, a ce wance da ake yabo ashe a ɓoye take lallaɓa 'yar fari, ga shi garin lallaɓar ta kusa aika ta lahira. Na kalli ƙasa.

Na ce, "Ga ta nan kana gani."

Shi ke nan abin da na faɗa. Baffanku ya ɗauko gatari ya sara murhun nan har sai da ya lotse, 'yar fankar ta yi tsalle ta faɗa kwata.

"Na ce ban yarda da ita ba! Ka kawo mini mutuwa har cikin gida, ka ɗora a kan 'yar'uwarka. Tattara kashin awakinka ka ba ni wuri."

Sani ya kwashe buhunsa ya fita. Kafin mako ya zagayo matan unguwa sun mayar masa da murhunansu, labari ya kai kasuwa, abokan aikinsa suka janye jiki. Ya tattara ya koma Jahun ya kama wata sana'ar. Abin da ya fi ci mini rai, shi kansa ya yarda. Tunda taga a buɗe take, to murhunsa ne mugu. Da idona na ga ya durƙusa a gaban Addarku yana neman gafara, ita kuma ta juya fuska bango tana hawaye tana cewa ya tashi, ya tashi don Allah. Na ɗauka ciwo ne ke sa ta kuka. Muka koma itace, ɗanye da busasshe, na koma busa wuta ina tari, ban kuma sake yin ƙorafin hayaki ba. Duk Sallah Sani zai zo ya tsuguna a zaure, Baffanku ya amsa gaisuwa a gajarce yana kallon wani wuri. Sau nawa na shirya zan faɗa! In na buɗe baki sai in ce bari sai ya huce, bari sai bayan girbi, bari sai an yi bikin wane. Kullum ina tsoron a gane, in wani ya ambaci taga ko a wace magana ce sai ƙirjina ya buga. Ina wannan jira Baffanku ya kwanta ciwon kwana uku ya tafi, bai sani ba, bai kuma saki fuska da ɗansa ba.

Ina cikin takaba Addarku ta zo ta zauna da ni. Wata rana da hantsi tana gyara mini akwati sai ta zaro zanen nan daga can ƙasa, inda ya kwanta tun ranar, ban sake ɗaura shi ba, na kuma kasa bayarwa. Ta shimfiɗa shi a cinyarta tana shafawa. Na ce yau dai ko ƙasa za ta tsage sai na faɗa.

Na ce, "Ke, akwai maganar da..."

Ta ce, "Na sani, Inna. Ina kwance na ga yatsunki suna tura shi."

Ta ci gaba.

"Na gane shi, na ran Juma'a ne. Kuma ban manta abin da Sani ya ce ba, na san ya kamata in tashi in cire. Amma tunda nake ban taɓa ganin kin yi mini wani abu da hannunki ba. Sai na ce bari in ɗan kalle shi tukuna, in an jima na cire. Ina kallonsa barci ya ɗauke ni." Ta share ido da bakin zanen. "Da na farfaɗo na ji an ce taga a buɗe take, na san ke kika cire. In na yi magana na tona miki asiri. Sai na bar ƙanena da shi."

Na jawo ta na rungume, tana da 'ya'ya huɗu a lokacin, na kira sunanta karo na biyu, muka yi kuka har muryarmu ta dishe. Ashe mu biyu ne muka danne yaron nan, ita don ni, ni don kaina. Ita kada wanda ya ga laifinta. Ni na koya mata yunwar da ta sa ta kwanta tana kallon tsumma a taga.

Ko bayan wannan sai da na ƙara ɗaukar lokaci, don tsoro ba ya sakin mutum rana ɗaya. Yanzu tsoron da ya rage mini guda ne, kada in bi Baffanku da maganar nan a bakina. Na ce kada kowa ya karanta wannan babi sai Sani ya fara karantawa, zan miƙa masa da hannuna, a naɗe cikin zanen. Ban san ko zai yafe ba, in bai yafe ba ma bai yi laifi ba. Mahaifinsa ba zai dawo ya kalle shi a zaure ba, wannan ni na hana shi, kuma ba ni da abin da zan mayar masa.

Sani, ka yi mini tambaya ranar nan a ƙofar ɗaki, ban ba ka amsa ba. Murhunka lafiyarsa ƙalau, ɗana. An rufe tagar. Ni na rufe ta.